Wai "Gajeruwar Rashin Lafiya": Hawan Jini da Talakan Kaduna

Duk mai sauraron sanarwar rasuwa a gidajen rediyon Kaduna, ko mai karanta ta a wayar hannu, ya haddace wata jimla wadda ta zama kamar hatimin da ake buga wa kowace gawa: wai marigayi ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. Yau a ce direban mota ne a tashar Kawo ya yanke jiki ya faɗi yana cikin kiran fasinja. Gobe a ce mai sayar da atamfa ne a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya tashi alwalar asuba, bakinsa ya karkace, hannu da ƙafa suka ƙi motsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Jibi a ce malamar makarantar firamare ce a Badarawa ta kwanta lafiya, gari ya waye babu ita. Mutane ne masu sauran ƙarfi, masu 'ya'ya a makaranta da tsofaffi a ƙauye, amma da jimla ɗaya tak ake sallamar su duka, a yi zaman makoki na kwana uku, a naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa.

Mu dai mun ƙi yarda da wannan jimla. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah sun yi shekara goma ko goma sha biyar suna yawo da ciwon da ya kashe su, ba su sani ba, ba wanda ya gaya musu, domin ba wanda ya taɓa ɗaura musu abin awo a damtse. Sunan ciwon hawan jini. Awon sa ba ya cin minti biyar, maganinsa yana cikin mafi araha a duniyar likitanci, an kuma san yadda ake sarrafa shi tun kafin a haifi iyayenmu. Saboda haka idan har yanzu yana kwashe magidanta daga Kawo zuwa Tudun Wada, daga Malali zuwa Rigasa, to, akwai masu laifi, kuma lalle ne a kira sunan laifin kowa, har da namu mu ɗalibai.

ABIN DA AKE NUFI DA HAWAN JINI

Zuciya famfo ce, jijiyoyi kuwa su ne bututun da take tura jini cikinsu dare da rana. Ƙarfin da jinin yake danna bangon jijiya shi ake aunawa, shi ya sa awon yake fitowa da lamba biyu: ta sama tana nuna ƙarfin a lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa a lokacin da ta saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan aka auna baligi a ranaku biyu dabam-dabam aka sami lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, to yana da hawan jini. Wanda ya taɓa ganin yadda ruwa mai ƙarfi yake fasa tsohon tiyo ya fahimci sauran bayanin. Idan jijiyar ƙwaƙwalwa ta fashe ko ta toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Idan zuciya ta gaji da turi, sai ta buɗe ta raunana, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Idan ƙananan jijiyoyin ƙoda suka lalace, sai a fara maganar wankin ƙoda. Ido ma bai tsira ba. Mace mai ciki kuwa, hawan jini ne yake kai ta ga jijjiga, wadda take cikin manyan abubuwan da suke kashe mata wajen haihuwa a ƙasar nan.

Muguntar wannan ciwo ita ce ba ya sallama. Mutum zai ci tuwonsa, ya yi noma, ya yi kasuwa, ba ciwon kai, ba jiri, alhali kuwa ɓarna tana ta gudana a ciki kamar yadda gara take cin azara, sai ranar da rufin ya rufta.

Ga kuma girman abin. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan 1,300 a 2019, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma mutum ɗaya ne kawai cikin biyar jininsa yake daidai ta hanyar magani. A nan gida, wani nazari da aka buga a 2021, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan Nijeriya, ya ƙiyasta cewa masu ciwon sun tashi daga kashi 8.6 cikin ɗari na baligai a 1995 zuwa kashi 32.5 a 2020, watau mutum miliyan 27 da rabi. Daga cikinsu kashi 29 ne suka san halin da suke ciki, kashi 12 ne suke shan magani, waɗanda jininsu ya sauka inda ake so kuwa ba su cika kashi 3 ba. Jama'a, a sake karanta wannan. A sahun sallar Juma'a na Masallacin Sultan Bello, ko a layin masu jiran mota a kan titin Ahmadu Bello, kusan kowane mutum na uku yana ɗauke da shi, kuma cikin kowane ɗari da suke ɗauke da shi, 97 suna tafe ne ba garkuwa.

TATSUNIYOYI UKU

Tatsuniya ta farko ita ce wai ciwon masu kuɗi ne, ciwon Alhazan Unguwar Rimi masu tumbi da motocin alfarma. Wannan magana ta yi wa talaka mummunar illa, domin ta sa ya ɗauka talaucinsa rigakafi ne. Gaskiyar ita ce jijiya ba ta duba aljihu. Bambancin kawai shi ne Alhaji yana da likita, yana da abin awo a gefen gado, in abin ya yi tsanani ya hau jirgi zuwa Alƙahira ko Indiya. Lebura da mai tura baro da mai wankau su ne suke gano nasu ciwon a kan gadon taimakon gaggawa na Asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho, lokacin da ihu ya riga ya zama bayan hari.

Ta biyu ita ce wai tunani ne yake kawo shi, in mutum ya kwantar da hankalinsa sai ya warke. Ba mu musa cewa damuwa tana ɗaga jini ba, kuma garin da masaƙunsa suka mutu, Masaƙar Kaduna a 2002, UNTL a 2007, aka bar dubban magidanta ba aiki ba haƙƙin sallama, ba ya rasa abin damuwa. Amma akwai gado, akwai shekaru, akwai gishiri, akwai ƙiba, akwai taba da rashin motsa jiki. Mutum mai fara'a wanda bai taɓa kwana da bashi ba yana iya zama da 180 bisa 110. Hatsarin wannan tatsuniya shi ne tana sa mai ciwo ya ajiye ƙwaya da zarar an biya shi albashi ko ya aurar da 'yarsa, wai ai damuwar ta wuce.

Ta uku ita ce ta fi zafi. Idan ɓarin jikin mutum ya shanye, sai a ce jifa ne, ko sammu, ko iska ta shafe shi. A tuhumi kishiya, a tuhumi abokin kasuwa, zumuncin shekara talatin ya watse, a kwashe sa'o'in da ya kamata a ce yana asibiti ana turare da shafe-shafe. To, ga abin da bincike ya nuna. Wani babban nazari mai suna SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Ghana, har da na koyarwa na Zariya da Kano, aka buga sakamakonsa a 2018, ya gano cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu ana iya danganta shi da hawan jini. Maƙiyin ashe yana cikin jijiya, an bar shi ana zargin maƙwabci. Masu cewa ai ƙaddara ce kuwa, mun yarda kowane rai da ajalinsa, amma ba mu taɓa jin malamin da ya ce neman magani saɓo ne ba, ba mu kuma ga mai tawakkalin da yake barin shagonsa a buɗe ya tafi gida ya kwanta ba.

DAGA INA YA FITO MANA?

A 1929 wani likitan mulkin mallaka mai suna Donnison ya auna mutane a gefen Tafkin Biktoriya a ƙasar Kenya, ya rubuta cewa da ƙyar ake samun hawan jini a cikinsu. Turawa suka riƙe wannan magana shekara da shekaru, wai ciwon bai shafi baƙar fata ba. Sai da irin su Farfesa Oladipo Akinkugbe na Jami'ar Ibadan, wanda ya wallafa littafi a kan hawan jini a tsakanin 'yan Afirka a 1972, suka nuna cewa ciwon yana nan, yana kuma ƙaruwa. Daga baya masu bincike suka bi 'yan ƙabilar Luwo da suke barin ƙauyukansu zuwa birnin Nairobi, suka ga jininsu yana hawa cikin 'yan watanni da sauka birni. A 1997 kuma wani nazari ya kwatanta baƙar fata a wurare uku, ya sami masu hawan jini kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran Karebiyan, kashi 33 a Amurka. Tsatso ɗaya, rayuwa dabam-dabam. Darasin a fili yake: irin zaman da mutum yake yi da irin abincin da yake ci su ne suke tayar da abin da yake kwance a jininsa. Mu kuwa yau mun kamo adadin da Amurka take da shi a wancan lokaci, ba tare da mun kamo asibitocinta ba.

Kaduna gari ne na baƙi tun asalinsa. Tun da aka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, mutane suke kwararowa daga karkara, domin aikin jirgin ƙasa, da soja, da ofis, da masaƙa. Kakan da yake tafiya gona da ƙafa ya haifi jikan da yake hawa a-daidaita-sahu daga Unguwar Sarki zuwa Unguwar Kanawa. Tukunya ma ta canja. Miyar da ake kaɗawa da daddawa yanzu sai an marmasa mata dunƙulen magi uku ko huɗu, an kuma ƙara gishiri a kai, alhali kusan rabin nauyin kowane dunƙule gishiri ne. Ga taliyar leda da ƙullin ɗanɗanonta, wadda ta zama abincin dare na kowane ɗakin kwanan ɗalibai da teburin kowane mai shayi. Ga yajin tsire da na kilishi, ga burodi, wanda ba a jin gishirinsa a baki amma yana ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗa da duk wanda yake ɓoye cikin abinci. Kowa ya duba kwanonsa ya yi wa kansa hisabi.

Akwai kuma kanwa, wadda take cike da sinadarin sodiyam, wato ainihin abin da yake ɗaga jini a cikin gishiri. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun rubuta bayanin mata fiye da 200 a ƙasar Zazzau waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta na kwana arba'in. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan ban da waɗannan, amma ba wanda ya zo ya ce ɗura wa maijego mai hawan jini kanwa safe da yamma alheri ne. Kusan shekara hamsin ke nan da wannan gargaɗi ya fito daga Zariya, tafiyar sa'a guda daga nan, amma har yau bai isa kunnen ungozomomi da kakanni da yawa a Hayin Banki da Unguwar Shanu ba. Wa ya kamata ya kai shi?

AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Idan aka tayar da wannan magana a gaban hukuma, amsa ɗaya ce: mutanenmu jahilai ne, ba sa zuwa asibiti, ba sa shan magani. Wannan shi ne barin jaki a doki taiki. Mu tambaya: wanda ya je asibitin unguwarsu da zazzaɓi, an auna jininsa? In an auna, abin awon yana aiki? In an same shi da ciwon, an rubuta sunansa a wani littafi domin a neme shi in bai dawo ba? In ya dawo, akwai maganin a ma'ajiyar asibitin, ko takarda za a miƙa masa a nuna masa kemis ɗin tsallaken titi?

A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu domin lafiya. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. An yi Dokar Lafiya ta Ƙasa a 2014, an yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya a 2022, amma fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya yake fitowa. Da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni, sai farashin magani ya yi tashin gwauron zabo, domin mafi yawan magungunan, ko sinadaran haɗa su, daga waje ake shigo da su. Tsohon da ya yi ritaya a Unguwar Dosa sai ya koma shan ƙwaya yau, ya tsallake gobe, ko ya raba ta biyu, ko ya bar ta gaba ɗaya ya sayi masara. Wanda zai kira wannan jahilci bai san yunwa ba.

A nan jiha, ba za mu hana gwamnati haƙƙinta ba. An sha shelanta cewa kasafin lafiya ya kai kashi 15, an ɗauki aikin gyara ƙaramin asibiti guda a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 255, an kafa hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA. Madalla. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Fenti da kwanon rufi ba sa sauke jini. Ma'aunin da za mu yi wa kowace gwamnati shi ne: a cikin masu hawan jini na mazaɓar Kawo, ko ta Badarawa, ko ta Unguwar Sarki, nawa aka gano, nawa suke karɓar magani kowane wata, nawa ne jininsu ya sauka ƙasa da 140 bisa 90? A buga mana waɗannan lambobi a liƙa a ƙofar kowane asibiti, kamar yadda ake liƙa sakamakon zaɓe.

Sa'an nan ga wani wasan kwaikwayo da ya zama yayi, watau duba marasa lafiya kyauta na yini guda. Ɗan siyasa ya kafa rumfa, a liƙa hotonsa, a auna mutum 500, a ba kowa ƙwayar mako biyu, a ɗauki hoto, a kwashe kujeru. Ranar goma sha biyar fa? Hawan jini ciwo ne na zaman har abada. Ƙwayar mako biyu a wurinsa daidai take da yayyafi a kan gobarar kasuwa. Abin da aka ƙara wa mutumin nan shi ne tsoro, da kuma zaton cewa ya sha magani ya gama.

Wannan giɓi da hukuma ta bari shi ne kasuwar 'yan damfara, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ga su nan da lasifika a bakin kasuwanni da tashoshi, ga su a rediyo, da jarka guda mai maganin hawan jini da ciwon suga da basir da sanyi, wai a sha kwana bakwai a rabu da shi har abada. Ƙarya ce. In ban da 'yan kaɗan da ake gano musabbabin nasu a kawar, hawan jini ba ya warkewa, sarrafa shi ake yi. An gwada zoɓo an ga yana ɗan rage shi, amma ba mai hankalin da zai tari 180 bisa 110 da kofin zoɓo, balle wanda aka cika da sukari. Daɗin daɗawa, ga masu tallar ƙwayoyi a faranti suna haɗa wa lebura abin da suke kira maganin gajiya, cike da irin su diklofenak, ga 'yan mata suna shan ƙwayoyin sa ƙiba irin su deksametason, alhali dukansu suna ɗaga jini, na farkon kuma yana cin ƙoda. Ina hukumomin da aka ɗora wa alhakin sa ido?

BA ABU NE DA YA GAGARA BA

Za a ce mana babu kuɗi, ga zazzaɓin cizon sauro, ga kwalara, ga 'yan bindiga. Mun ji. Amma a yi lissafi. Wanda ƙodarsa ta mutu yana bukatar wanki sau biyu ko uku a mako, kuma kuɗin wankin wata guda ya isa ya saya masa ƙwayar hawan jini ta shekara har da saura. Wanda ɓarinsa ya shanye ya bar aiki, matarsa ta bar sana'a domin jinya, 'ya'ya sun bar makaranta. Bincike ya tabbatar cewa rage lambar sama da 10 kawai yana rage hatsarin shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Gwamnatin da ta ce ba ta da kuɗin ƙwaya, to tana biyan ninkinsa a gadajen asibiti da marayu.

Za a ce babu likitoci, sun tsere Ingila da Saudiyya. Wannan ma gaskiya ne, abin kunya ne kuma. Amma mafi yawan masu hawan jini ba sa bukatar ganin ƙwararren likitan zuciya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsari mai sauƙi mai suna HEARTS: a auna duk baligin da ya shigo asibiti ko da me ya zo, a bi matakan magani da aka rubuta a takarda guda, a bar ma'aikatan lafiya na unguwa su gudanar da shi, a tabbatar magani bai yanke ba, a riƙe rajista. Daga 2020 an fara aiki da irin wannan tsari a ƙananan asibitoci 60 na Birnin Tarayya, da kuma wasu a jihohin Kano da Ogun, ana farawa da ƙwayar amlodifin, in ba ta isa ba a haɗa da losatan. Ba ma sai mun yi aron ilmin daga waje ba: gwajin CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka buga a 2019, shi ya nuna cewa haɗin magani mai amlodifin a ciki ya fi yi wa baƙar fatar Afirka aiki. Kwalejin Shehu Idris da ke Maƙarfi tana yaye ma'aikatan lafiya kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. Abin da ya yiwu a Kano, me zai hana shi yiwuwa a Kaduna?

A birnin Los Anjeles na Amurka an gwada wata dabara, aka buga sakamakonta a 2018: aka kai awo da masana haɗa magunguna shagunan aski 52 na baƙar fata, domin an lura maza ba sa zuwa asibiti amma ba sa fashin aski. Cikin wata shida jinin waɗanda aka kula da su a can ya sauka da kimanin 27. Mu da muke da majalisa a kowace ƙofar gida, da masallatai da coci-coci, da makarantun Islamiyya na matan aure, da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa, wa ya fi mu wuraren da za a kai abin awo? Afirka ta Kudu kuma ta yi doka a 2013 wadda ta ƙayyade gishirin da kamfanoni za su zuba a burodi da dunƙulen miya da sauransu. Kamfanonin ba su mutu ba.

ABIN DA MUKE NEMA

Daga Gwamnatin Jiha muna neman abu huɗu. A wajabta awon jini ga duk baligin da ya taka ƙaramin asibiti, da na'ura mai aiki. A sa magungunan matakin farko cikin abin da ake bayarwa kyauta ko a farashin sari, a riƙa ba wanda jininsa ya daidaita na wata uku a lokaci guda, domin kada kuɗin mota ya fi kuɗin magani. A ɗauki ma'aikatan lafiya na unguwa aiki, a ba su izini da horo. A kuma buga sakamakon kowace mazaɓa duk wata uku. Daga Gwamnatin Tarayya muna neman doka mai haƙori a kan gishirin abincin kamfani, da hukunci a kan duk gidan rediyon da ya karɓi kuɗi ya yi tallar warkar da hawan jini.

Saura mu. 'Yan'uwa ɗalibai, mun iya zanga-zanga a kan kuɗin makaranta, mun iya cika zaure da muhawara a kan jari-hujja da mulkin mallaka, amma mu nawa ne muka san lambar jinin mahaifinmu, wanda yake biyan kuɗin makarantar? Da kuɗin talakan Rigasa da Kurmin Mashi aka gina azuzuwan da muke zama, a Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha da sauransu, kuma ilmin da bai tsallake katangar makaranta ba bashi ne a wuyan mai shi. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta rage kuɗin liyafa da na rigunan biki ta sayi na'urorin awo. Ɗaliban likitanci da na jinya da na haɗa magunguna su koya wa sauran yadda ake yi: mutum ya zauna ya huta minti biyar, ya jingina baya, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, a auna sau biyu. Kowace ƙungiyar ɗaliban gari ta ɗauki unguwa guda ta riƙe, ta ƙulla da asibitin mazaɓar, ta riƙa komawa kowane wata da littafin sunaye, domin kada mu ma mu zama 'yan rumfar yini guda. Aikinmu awo da rakiya da tunatarwa. Rubuta magani na ma'aikatan lafiya ne. Wanda aka samu ya kai 180 bisa 120, musamman in da ciwon ƙirji, ko nauyin baki, ko mutuwar hannu, ko dishin gani, asibiti za a nufa da shi nan take, ba sai gobe ba. Ranar 17 ga Mayu ita ce ranar hawan jini ta duniya. Kada ta same mu muna rubuta jawabi, ta same mu da rajista a hannu.

Kafin nan, duk wanda ya tafi hutu ya kama hannun mahaifiyarsa da mahaifinsa ya kai su a auna. In an ba su ƙwaya, ya gaya musu gaskiya: ana sha ne kullum, ko da jiki yana garau, kuma daidaituwar jini alama ce ta magani yana aiki, ba izinin ajiye shi ba ne. Ya roƙi mai girki ta rage dunƙule ta koma ga daddawa da albasa da citta. Shi kansa ya miƙa damtsensa, domin 'yan shekara ashirin da 'yan kai ma ana samun su da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba shugabanninmu kunnen sauraro.